Kaset ɗin Kofur Jatau

Wani mutum ne a Funtuwa, Kofur Jatau, wanda in ya fara labarin yaƙin Laberiya sai shayinka ya huce a kofi. Shekara biyu ya yi a can, bai ga matarsa Hansatu ba, bai ga 'yar da aka haifa masa bayan tafiyarsa ba. Abin da ya iso gida daga gare shi kaset ɗaya ne, da ya ɗauki muryarsa ya aiko.

Ranar da dangi suka cika tsakar gida yi masa barka da dawowa, gogan naka ya baje a tabarma ya shiga zuba.

"Harsashi kamar ruwan Agusta, ni kuwa ko gezau. Bam ya faɗo gabana, na ture shi da ƙafa don tuwona na hucewa."

Taubashinsa Ɗanlami ya ce, "Tsoro fa, Kofur?"

"Ni da tsoro ko a hanya ba mu taɓa gaisawa ba. Hansatu, ɗauko kaset ɗin nan su ji muryar namiji a bakin daga."

Ta ce, "Maigida, da an bar kaza cikin gashinta."

"Ɗauko, na ce."

Aka saka a rikoda. Murya ta fito fes: "Hansatu, kada ki damu. Mijinki zaki ne. Abokan gaba in sun ji sunana sai daji. Ki gaida kowa."

Kofur ya murza gashin baki, ya miƙa hannu zai kashe. Ɗanlami ya riƙe hannun. "Dakata, ai bai ƙare ba."

Ashe ranar da ya ɗauka, mantawa ya yi bai kashe rikodar ba.

Sai aka ji ƙwaram! Sai dididi na gudu. Sai muryar Kofur, siririya kamar ta ɗan akuya: "Wayyo Inna, sun iso! A ce wa Hansatu ta yafe mini!"

Can wani soja ya ce, "Kofur, fito daga ƙarƙashin gadon nan. Kwakwa ce ta faɗo kan kwanon rufi."

Gida ya kaure da dariya, goggonsa har ɗankwalinta ya faɗi.

Kofur ya yi tsuru-tsuru, ya dubi matarsa. "Shekara biyu kina ajiye da wannan, ba ki goge ba?"

Hansatu ta gyara goyonta ta ce, "In goge? Ai farkon nake wucewa. Sai na zo nan nake yarda mijina ne ke magana."