Ranar da Na Zama Ruwa a Jami'a

Jama'a, yau a kwance nake rubuta muku shafin nan, rub da ciki a kan tabarma, mai ɗakina na murza min man zafi a gadon baya tana dariya ƙasa-ƙasa. Ba faɗuwa na yi ba, ba kuma dambe aka yi da ni a layin mai ba. Jami'a na raka ɗana.

Ɗan nawa shi ne na biyu, wanda 'yan unguwa ke kira Barewa saboda gudu. Burinsa ɗaya a duniya, ya zama malamin motsa jiki, ya rataya usur a wuya yana zagaya fili da 'yan makaranta. Bara ya nemi gurbi bai samu ba. Bana kawunsa ya kafa masa sharaɗi, in ya sake faɗuwa to ya zo shago ya zauna yana auna wa mutane ƙusa. Yaron da ko abinci a tsaye yake ci, a ce ya wuni a kan benci? Na san in haka ta faru zai bushe a wurin, kuma abin ya tsaya min a rai.

Maƙwabcina mai aski ya tare ni a ƙofar gida da safe.

"Maƙwabci, wai sai an je jami'a kafin a iya busa usur?"

"Kai da ka koyi sana'a a kan kawunanmu ba za ka gane ba," na ce masa.

"To Allah ya ba da sa'a. Amma ka bi shi, wuraren nan ba a tura yaro shi kaɗai."

Gwajin farko gudu ne. Filin wasannin ya zama wurin ajiye motocin manya, don haka a tsakanin motoci aka yi tseren, da gargaɗin cewa duk wanda ya goge madubi ya faɗi. Barewa ya zo na ɗaya bai taɓa ko taya ba. Har na fara gyara hula ina kallon sauran iyaye ta gefen ido, sai aka ce saura gwajin iyo.

Tafkin iyon nan, jama'a, abin alfahari ne. Tayil shuɗi, tsani na ƙarfe yana ƙyalli, ga allo ɗauke da sunayen manyan da suka buɗe shi, don duk sabon shugaba da ya zo sai ya sake buɗe shi. Abu ɗaya kawai ya rage masa, ruwa. Wata uwa da ta kawo 'yarta ta raɗa min cewa ranar buɗewa akan yi hayar ruwa a tanka, ana gama ɗaukar hoto a zuƙe shi a kai wajen wani bikin. Ƙadangaru ne dai na gani suna atisaye a ciki.

Mai Girma Babban Daraktan Motsa Jiki ya iso, mutum biyu na taya shi fitowa daga mota, na uku na riƙe masa lema. Allah ya ƙara masa lafiya, tumbinsa ya riga shi zama. Ya yi gyaran murya ya faɗi doka: duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasan tafki ya nutse, wanda ya nutse kuma ya faɗi.

Na ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ai babu ruwa."

"Malam, an ƙaddamar da tafkin nan ko ba a ƙaddamar ba?"

"An ƙaddamar, ranka ya daɗe."

"To a hukumance akwai ruwa. Kai ne ba ka gani."

Na sauke hannuna, don ni ba mai jayayya da hukuma ba ne. Yaro na farko ya sauka tsani, ƙafarsa na taɓa tayil aka busa usur, ya nutse. Na biyu ya maƙale a tsanin har hannuwansa suka gaji, shi ma ya nutse. Haka aka yi ta nutsar da 'ya'yan mutane a busasshiyar ƙasa, suna fitowa suna kakkaɓe ƙura.

Sai ga ɗan wani babba. Direbansa da mai gadinsu suka sauka, suka ɗora shi a kafaɗa a kwance, yana kaɗa hannu suna tafiya da shi har ƙarshe. Kwamitin alƙalan gwajin ya yi tafi. Na ce, ranka ya daɗe, ƙafar direba fa? Aka ce direba ba gurbi yake nema ba.

Da aka kira Barewa, sai ya juyo ya dube ni. "Baba, mu tafi gida kawai. Zan je shagon kawu."

Yadda ya faɗe ta a sanyaye ne ya karya min zuciya. Na cire hula da takalmi na miƙa wa uwar nan, na sauka tsani, na durƙusa.

"Hau."

"Baba, bayanka fa."

"Hau na ce, kafin in dawo cikin hankalina."

Rabona da goya yaron nan tun bai yi haƙori ba, yanzu kuwa har gemu yake ajiyewa. Ya kwanta a bayana, ya naɗe ƙafafu sama, ya shiga kaɗa hannu. Ni kuma na shiga jan jiki, gwiwoyina na ƙara, ƙadangaru na ba mu hanya. Wani ɗan kwamiti ya leƙo ya dube ni ya ce ruwa ya daina tangaɗi, yana hana su ganin salon ɗalibi. A tsakiyar tafki numfashina ya soma ɗaukewa, yaron ya ce a kunnena, "Baba, sauke ni, ya isa." Na ce masa ya yi iyonsa, ruwa ba ya magana.

Da hannunsa ya taɓa bangon ƙarshe na waiga, sai na ga tafki ya cika da iyaye. Uwar nan ta ɗaure 'yarta da zani a baya, wani tsoho kuma yana rarrafe da jikansa. Mai Girma Darakta ya ji daɗi ƙwarai, ya ce wannan shi ne haɗin gwiwar iyaye da hukuma, kuma zai kafa kwamiti a mai da shi tsari na dindindin.

An ɗauki Barewa, har da yabo na musamman a fannin iyo. Tun da muka dawo yake tsalle a tsakar gida, ni kuwa ko atishawa sai na nemi izinin ƙugu. Ban yi da-na-sani ba ko kaɗan.

Roƙona ɗaya ga masu girma, don na ji ana cewa sabon shugaba na tafe kuma za a sake buɗe tafkin. Don Allah in an gama hoto a zuƙe ruwan da wuri kamar yadda aka saba. Yaron nan shi ne na ɗaya a iyo a ajinsu, kuma har yau bai taɓa shiga ruwan da ya wuce bokiti ba.