Waƙar da na rubuta wa Oga Gatari

Ƙarar janareta da ƙamshin soyayyar kaza, in suka haɗu, har yau rana ɗaya suke tuna mini. Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar bikin Adda Hauwa, 'yar yayan babana, a gidansu na unguwar Sintali.

Lokacin kaset ɗin bidiyo na Hausa sun fara shigowa Jalingo, ni kuwa ban daɗe da gama sakandare ba, kaina cike da littattafai. A ɗakin maƙwabta muke kallo. Akwai wani ɗan wasa da ke fitowa a matsayin Oga Gatari, shugaban 'yan daba: baƙin tabarau, gemu, murya kamar daga cikin rijiya. In ya tsaya sai ya cika talabijin ɗin. Yara suna tsoronsa, ni kuwa (Allah ya yafe mini) waƙa na rubuta masa. Na kira shi giginya, na ce duwatsun Kona a kafaɗarsa suke tsayawa.

Sai ga labari wai ango a Kano ya yi karatu, Oga Gatari abokinsa ne, zai zo bikin. Na haddace waƙata tsaf. Na bi Goggo da magiya har ta yarda ni zan kai kwanon babban baƙo.

"Ki ajiye, ki gaishe shi, ki fito," in ji ta. "Ban da surutun nan naki na boko."

Mutum biyu na tarar a ɗakin baƙi. Wani dogo mai gemu da baƙin tabarau ya miƙe ƙafafu a kan kujera. A bakin ƙofa kuma wani ɗan guntun mutum mai fara'a yana gyara hularsa. Ko kallo na biyu ban yi masa ba.

"Malam, ɗan riƙe mini butar nan," na ce, "ka kuma matsa kaɗan, kana tare hanya."

Ya karɓa, ya matsa.

Na durƙusa gaban dogon, na buɗe masa kaza, na gaishe shi, sannan na lumshe ido na fara. Na wuce giginya lafiya. Ina cikin duwatsun Kona na ji ya yi gyaran murya.

"Yarinya, ni fa direba ne," ya ce. "Daga tasha na ɗauko baƙon naku. A Yelwa nake, kusa da gidan kawunki."

Kafin in gama fahimta, wata murya ta taso daga bayana, muryar nan ta cikin rijiya.

"Ci gaba, ƙanwata. A kafaɗa muka tsaya."

Na waiga. Oga Gatari ne, ba gemu, ba tabarau, riƙe da butata da hannu biyu. Ina durƙushe amma kusan ido cikin ido muke kallon juna. Nan na gane in na miƙe, saman hularsa zan riƙa gani.

Don haka ban miƙe ba. Na juya a kan gwiwoyina na fuskance shi, na ƙarasa waƙar da muryar da ni kaina ban san ta ba. Akwai baitin da na ce tsuntsaye kan huta a kansa kafin su ƙarasa sama (da na sani da na tsallake shi). Direba ya toshe baki da cinyar kaza, kafaɗunsa suna rawa.

"Madalla," in ji Oga Gatari. "Wannan mutumin naki, in kin gan shi ki gaishe mini da shi. In ajiye butar, ko akwai sauran aiki?"

Da rarrafe na fita, da baya da baya, har zanena ya kama ƙofa. Kafin la'asar labari ya gama gidan biki, Goggo ta yi wata guda tana kirana Giginya. Tun daga ranar ban ƙara yi wa mutum waƙa ba sai na gan shi tsaye a ƙasa, ba takalmi.

Sai bayan shekaru, Adda Hauwa tana goyon ɗanta na uku, mijinta ya faɗa mini yadda ake ɗaukar fim ɗin. Turmi ake kifawa Oga Gatari ya hau, mai kyamara ya kwanta a ƙasa, sauran 'yan wasa kuma a hana su sa hula.