Ranar da Tumakin Baba Sale Suka Bi Ni

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Lahadi ba, ranar da na shawo kwanar layinmu, 'yan ajinmu na coci suna biye da ni a baya. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne rigar Baba Sale. Babbar riga ce shuɗiya, layin ninki bai ma baje ba, da ka gani ka san yanzu aka ciro ta daga ƙasan akwati. Mutumin da kullum nake gani da 'yar shara da igiyar dabbobi a kafaɗa, yau ya kafa hula, ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya tara abokan hirarsa kamar za a ɗaura aure. Ni aron tumaki na nema, ban nemi 'yan kallo ba.

Bari in ɗan koma baya. Babana kayan gyaran babur yake sayarwa, daga kudu ya zo Daura tun kafin a haife ni. Ni kuwa nan aka binne cibiyata, Hausa ma ta fi zama a bakina, in dai bakin ya yarda ya buɗe. Matsalar ke nan. A makaranta ko malami ya kira sunana hannu kawai nake ɗagawa. A unguwa Shiru-shiru ake ce mini. Amma kallo kam, Allah ya ba ni. Zan iya gaya maka wace mata ce a coci take cire takalmi ɗaya in wa'azi ya yi tsawo, da wane dattijo ne yake cewa amin daga cikin barci.

A ajinmu na matasa, Malama Rifkatu ta kafa wata doka. Kowace Lahadi mutum ɗaya zai tashi ya kawo ɗan gajeren darasi: aya daga Littafi Mai Tsarki, sannan abu ɗaya da ya gani da idonsa a cikin gari. "Ban ce ku kwaso mini daga waya ba," in ji ta. "Ku buɗe ido. Allah bai daina koyarwa a kan titi ba." Wani yaro ya zo da tocila marar batir. Wata ta kawo miyar kuka ba gishiri, ta sa kowa ya ɗanɗana (har yanzu ban yafe mata ba). Ni dai ina can baya ina addu'a layi ya ƙare kafin ya iso kaina. Bai ƙare ba.

Ayar da na zaɓa tana cikin Yohanna sura goma, inda Yesu ya ce tumaki suna bin makiyayinsu don sun san muryarsa, baƙo kuwa gudunsa suke yi. Tun ina ƙarama wannan maganar take yi mini yawo a kai. Da gaske ne? Tunkiya, wadda kullum nake gani tana cin leda a bola, har ta iya bambance muryar mutum da ta wani? Da me take ganewa? In makiyayin yana mura fa? Ga shi kuma katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da garken Baba Sale, wanda yake saro dabbobi daga Mai'adua, ya sayar da wasu, ya bar wasu a gida a yi kiwo kafin Babbar Salla.

Na rubuta wa Malama shawarata a takarda, don faɗa da baki ya fi ƙarfina. Ta karanta ta ce, "Wannan ai sai mun je mun gani da ido." Ta yi wa Babana magana, Babana ya yi wa Baba Sale. Da ya dawo yana dariya ya ce maƙwabcin namu ya bugi ƙirji ya ce, "Tumakina? Ko a tsakiyar kara, kasuwar dabbobi, na yi tari sai sun waiwayo."

Tsarin mai sauƙi ne. Za a fito da tumakin fili. Wasu daga cikin 'yan aji za su kira, tumaki su ƙi. Ni zan fito a matsayin baƙon da ayar ta ambata, wato ɓarawo, in karanta, in kira, su ƙi. Sai Baba Sale ya kira, su ruga wurinsa, in rufe da cewa haka ya kamata mu san muryar Ubangiji. Ni na zaɓar wa kaina aikin ɓarawon. Na ga ai shi ne wanda zai yi magana ba wanda ya kula shi, abin da na fi kowa ƙwarewa a kai.

Saura abu ɗaya: a ina zan gwada bakina? A gaban Mama ba zan iya ba, sai ta tsayar da ni ta ce in ɗaga kai. A gaban madubi kuwa ni da mai kallon duk kunya muke ji. To a bayan madafarmu akwai inda damina ta zubar da kan katanga, in na taka turmi ina hango garken. Nan na mayar cocina. Kullum na dawo daga makaranta sai in hau turmi in fara: "'Yan'uwa ƙaunatattu, ku buɗe tare da ni..."

Ranar farko ko kallo ban ishe su ba. Sai na lura in Mama ta aike ni zubar da ɓawon doya, hancinsu yana motsi. Na jefa musu kaɗan. Jama'a suka taru. Daga nan kullum da ɓawon doya ko na ayaba nake hawa turmi, in jefa, in yi sakin layi ɗaya, in sake jefawa. Ban taɓa samun masu sauraro irinsu ba. Akwai babban rago mai yagaggen kunne da yake tauna ta gefe ɗaya. Akwai wata farar tunkiya mai kallon mutum ta ƙasan ido, wadda na sa wa suna Malama (Allah ya yafe mini). In na gama darasi kuma ban gaji ba, sai in ci gaba da ba su labarin makaranta, wa ya ɓata mini rai, wa ya ci jarrabawa da satar amsa. Makonni aka yi haka. Kuma wallahi ko sau ɗaya ban tsaya na haɗa wannan da wancan ba. Mai lura da takalmin mutane a ƙarƙashin benci, ta kasa ganin abin da ke gaban hancinta.

To, mu dawo ƙofar gida. Malama ta durƙusa ta gaida Baba Sale da mutanensa, aka yi barka da yamma, aka tambayi gajiya. Aka buɗe ƙyauren garke, tumaki suka fito suna shinshina ƙasa.

"Bismilla, 'yan makaranta," in ji Baba Sale. "Kowa ya gwada sa'arsa."

Mai tocila ya fara. Ya yi fito, ya tafa hannu, ya yi kukan tunkiya. Ko kunne ba su kaɗa ba. Mai miyar kuka ta yi ta "ku zo, ku zo" har muryarta ta dushe. Shiru. Baba Sale ya gyara hannun riga ya dubi abokinsa Malam Idi tela, ya ce, "Ka gani ko? Dabba ma ta san nata."

Zuciyata ta yi sanyi. Ashe ayar gaskiya ce! Don murna har na manta ana kallona. Na tako tsakiyar fili, na buɗe Littafi, na ɗaga murya yadda na saba a kan turmi.

"'Yan'uwa ƙaunatattu, ku buɗe tare da ni..."

Kawuna suka ɗago gaba ɗaya. Ba na 'yan aji ba, na tumaki.

Mai yagaggen kunne ne ya fara tahowa, da sassarfa, sauran suka rufa masa baya. Kafin in kai ga sunan surar sun kewaye ni. Wannan na tura hanci cikin jakata, wancan na jan bakin zanena, farar tunkiyar nan ta ɗora ƙafafun gaba a cinyata tana leƙa Littafin ko a ciki na ɓoye ɓawon. Ni kuma, saboda na haddace abin a jere kuma ban san yadda ake tsayawa a tsakiya ba, sai na ci gaba. Da bakina, a tsakiyar tumaki, na karanta cewa ba za su taɓa bin baƙo ba, gudunsa za su yi.

Dariyar da ta tashi har yaran layin baya sai da suka leƙo.

Baba Sale ya miƙe. Ya yi gyaran murya irin ta masu gida. Ya yi kiran da yake yi da baki, ya tafa hannu. Babu wanda ya waiwaya. Ya matso, ya ƙara ƙarfi, har ya yi tarin nan da ya yi alkawari. Ragon ya juyo ya dube shi sau ɗaya, sai ya zagaya ya ɓuya a bayana.

"Alhaji," in ji Malam Idi, yana share hawaye da hularsa, "ashe tumakinka sun daɗe da shiga coci ba ka sani ba!"

"Rufe mini baki, Idi."

"A'a, gaskiya ce. Ranar Salla sai ka nemi izinin fasto kafin ka kama ragon nan."

Wani daga kan tabarma ya ce, "Ku bar shi, rigar ce ba su gane ba. Cire ta, Sale, ka sa ta kasuwa!"

Na dubi Baba Sale. Yana dariyar yaƙe, amma na ga yatsunsa suna murza bakin aljihu, na ga sawun kofato a gefen rigar da aka adana don manyan ranaku. Dattijo ya yi mana karamci, ya tara abokansa, ni kuma na sa dabbobinsa sun tsinka shi a bainar jama'a. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige, kuma na tabbata da tumakin sun biyo ni.

Malama Rifkatu ta daure ta haɗiye dariyarta. Ta ce, "Ke, tsakaninki da Allah, me kike ba su?"

"Ɓawon doya," na ce, da muryata ta ainihi, wadda sai an sunkuyo ake ji.

"Tun yaushe?"

"Tun da kika sa ni a layi, Malama."

Ta juya wurin 'yan aji. "To kun gani. Ayar ba ta yi ƙarya ba. Mai darasin ce ba ta san wane ne baƙo ba." Sannan ta dube ni. "Ba ki gama ba fa. Lahadi mai zuwa za ki ƙarasa, a cikin coci, a gaban mutane masu ƙafa biyu."

Kafin magariba Mama ta sa ni a gaba, ta ce in je in ba da haƙuri. Na yi sallama a zaure. Baba Sale ya riga ya koma cikin 'yar shararsa yana alwala. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri."

"Ke me kika yi, 'yata? Munafukan can ne. Ranar kasuwa duk zan kaɗa su Mai'adua." Ya ɗauki buta ya fice masallaci, amma na ji yana dariya ƙasa-ƙasa a zaure.

Matarsa, Inna Hajo, tana tsakar gida tana dama dusa a daro. Ta ce, "Rabu da shi, ba inda zai kai su. Shi da ba ya zuwa wurinsu sai in zai buɗe musu baki ya duba haƙora? Ai dole su ɓuya. Zauna, Shiru-shiru." Na zauna a bakin tabarma. Ta share hannu a zane, ta miƙe tsaye, ta maƙale murya ta ce, "'Yan'uwa ƙaunatattu, ku buɗe tare da ni!"

Na ɗago kai na dube ta.

"Inna... kina ji?"

"Ina zan je? Nan nake tankaɗe, ke kina bisa kaina. Na ji na makiyayi, na ji na yarinyar da ta saci amsa, na ji wadda kike ce wa Malama." Ta nuna farar tunkiyar da haɓa. "Da farko ina cewa rediyo ne. Na ce wa kaina, yarinyar da ko gaisuwa sai an sa kunne, ashe baki gare ta haka?"

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"In yi magana ki gudu? Ai ni ma ina ƙaruwa. Sai dai kina sauri a ƙarshe, kamar an biyo ki."

Na rufe fuska da mayafi. A cikin mayafin nan ne darasin ya zauna mini daidai, wanda ban rubuta a takarda ba. Murya ba a gane ta don mai ita ya sa babbar riga, ko don shi ne mai garke. Wadda kake ji kullum, ita kake bi, ko ta makiyayi ce ko ta mai ɓawon doya. Shi ya sa ya kamata mutum ya duba wa yake saurare kowace rana. Na kuma koyi cewa kafin ka hau turmi ka yi wa tumaki wa'azi, ka leƙa ka ga wa ke tankaɗe a gindin katanga.

Amma Lahadi tana tafe, kuma ban taɓa yin magana a gaban mutum ina sane da yana ji ba. Na sauke mayafin, na dubi tabarma, na tattaro ɗan abin da ya rage mini na ƙarfin hali.

"Inna, tunda kin riga kin haddace, gobe in na dawo makaranta in shigo ta ƙofa in yi a gabanki? Ki zauna ki kalle ni, in na yi sauri ki tsayar da ni. Amma don Allah ki fara ɗaure tumakin."