Faifan Sada Mai Garaya Ya Cika Hamsin

Wani ne a can wajen Fagam, ku matso ku ji. Mutumin kirki ne, ga noma ga zumunci. Sai dai ranar da ake rabon hankali da mudu, shi a murfin kwalba aka auna masa nasa.

Abu biyu ya sa a gaba a duniya. Na farko, waƙoƙin marigayi Sada Mai Garaya, wani tsohon mawaƙin yankin da ya yi tashe tun kafin a haife shi. Na biyu, ya ji an faɗi sunansa a rediyo. Ya aika gaisuwa ta fi a ƙirga. Kullum sai an zo daf da shi, sai mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙwace.

Ran nan yana gona, rediyo na rataye a reshen ɗorawa, sai ya ji sanarwa.

"Jama'a, ranar Asabar faifan farko na marigayi Sada Mai Garaya zai cika shekara hamsin cif da fitowa. Za a yi taron tunawa a Birnin Kudu. Sai dai an nemi faifan an rasa, ko iyalinsa ba su da shi. Duk mai shi ya taimaka ya kawo. Za a karrama shi a bainar jama'a, mu kuma za mu watsa kai tsaye."

Gogan naku ya yar da fartanya. Ko rediyon bai ɗauka ba, ya zura gida a guje. Ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Mero, tana tsintar wake. Shi kuwa ɗan fari ne a wurinta, ba ta taɓa kama sunansa ba.

Ta ce, "Kai wannan, wa ya biyo ka?"

Ya ce, "Inna, ba ke kika ce Sada ya taɓa sauka a gidan nan ba?"

"Ya sauka mana. Ina amarya. Ruwa ya tare su, motarsu ta kafe a bakin rafi, babanka ya shigo da su. Na tuƙa musu tuwon dawa miyar kuka. Malmala huɗu ya tashi da ita shi kaɗai."

"Da me kika rufe tuwon?"

"Da faifai mana. Da hularka zan rufe?"

"Ina faifan?"

"Ga shi can a rataye bayan ƙofa."

"Shekararsa nawa?"

"Ya yi hamsin. Da shi aka kawo ni gidan nan."

Sai ya dafe ƙirji. "Allahu Akbar! Inna, ƙasa gaba ɗaya ana cigiyar faifan Sada, ashe yana nan kina korar kaji da shi!"

Ta ce, "Me za su yi da shi? Bikin wa ake yi?"

"Waƙa za su ji a ciki."

Inna ta ajiye ƙwaryar wake, ta dube shi tun daga ƙafa har kai. "Shekara hamsin muna ɗaki ɗaya da faifan nan, ko sallama bai taɓa yi mini ba."

"Ai ke mace ce, kunyarki yake ji."

Ya yi ta magiya har ta gaji. Ta ce, "Ɗauki. Amma ka ji da kyau, ɗinkin hannun uwata ne, shi kaɗai ya rage mini. In ko zare ɗaya ya warware, kada ka dawo mini gida. Ka wuce can inda ake waƙar, su riƙe ka."

Washegari ya naɗe faifai a zani, ya sa a buhu, ya hau acaba sai Gwaram. Ya ce gara ya gwada tun a gida, kada a je gaban manya a ji kunya. Ya nufi rumfar Ƙasimu mai gyaran rediyo. Ƙasimu ya duƙufa a kan wata tsohuwar rediyo yana liƙa waya, ko kai bai ɗago ba.

"Malam Ƙasimu, faifai nake da shi na waƙa, tsohon gaske. Na kasa kunne, shiru."

Ƙasimu ya ce, "Irin na garmaho? Ai wannan ba ya magana sai da allura."

"Allura?"

"Allura. A sa masa allura, a juya shi, sai ka ji murya tangaran. Amma ni ba ni da ita, an daina yayinta."

Mutumin ya ce, "An daina yayin allura? To ni jiya-jiya aka yi wa ɗan maƙwabcina."

Ƙasimu bai ji ba, hayaƙin dalma ya shige masa hanci yana ta tari.

Sai kemis. Ya tarar da wata malama, Hidaya, tana jera magunguna. Ya yi sallama ya ce allura aka rubuto.

Ta ce, "Kai za a yi wa?"

"A'a, ni lafiyata ƙalau. Wani na kawo."

"Me ke damunsa?"

"Ba ya magana."

"Subhanallahi. Tun yaushe?"

"Ranar Asabar shekara hamsin."

Ta saki kwalin da ke hannunta. "Shekara hamsin, sai yau kuka ga damar kawo shi? Yana cin abinci?"

"Shi dai rufewa yake yi, wasu su ci."

"Yana tafiya?"

"Sai in iska ta yi ƙarfi."

"Baba, wannan ai na babban asibiti ne, Birnin Kudu za ku kai shi. Yana ina yanzu?"

"Ga shi a buhu."

Malama Hidaya ta yi tsalle ta koma bayan kanta tana salati, ta ɗauko waya za ta kira 'yan sanda. Shi kuwa ya kwance buhu a natse, ya warware zani, ya ɗora faifai a kan tebur. Ya ce, "Ki yi masa a hankali, ba shi da tsoka."

Ta dubi faifai, ta dube shi. Ta zauna a kan benci ta yi dariya har hijabinta ya jiƙe da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce, "Baba, irin allurarsa ba a kemis take ba. Je ka wajen masu ɗinkin buhu, ka ce su ba ka basilla."

Ya yi godiya, ya ce ilimi dai kogi ne.

Ya samo basilla. Ya zauna gindin mangwaro, ya huda tsakiyar faifai, ya soke basillar, ya shiga juya shi kamar mazari. Ya kara kunne. Can sai ya ji wani ƙwaro da ya shekara goma a cikin kabar yana ƙus-ƙus-ƙus. Sai tsigar jikinsa ta tashi.

Ya ce, "Ya fara ɗaure tsirkiya!" Ya yi maza ya tsayar. "Ya isa haka, Alhaji. Adana muryar sai Asabar, kada ta dushe."

Asabar ta yi. Tun hantsi an kafa rumfuna a wani fili a Birnin Kudu, an jera kujeru, lasifika na ta tashi. Ga manyan baƙi a gaba. Ga tsofaffin 'yan amshin marigayi su biyu da suka rage, kowa da sandarsa. Ga matarsa, Hajiya Munawwara, an zaunar da ita a kujera mai hannu, jikoki na yi mata fifita. A kan tebur kuwa an ɗora wani tsohon garmaho, irin wanda ake wanawa da hannu, an goge shi yana ƙyalli. Ƙasimu aka ɗauko takanas daga Gwaram don ya kula da shi, har da allurar da aka aro daga Kano.

Aka yi jawabai. Wani malamin jami'a ya yi awa guda yana bayanin yadda faifan nan ya sauya kiɗan garaya a ƙasar Hausa, alhali shi ma bai taɓa ganinsa ba. Da ya zauna, mai gabatarwa ya ce, "To jama'a, tambaya ta ƙarshe. Ko Allah ya sa akwai wanda ya zo da faifan?"

Daga can baya aka ji, "Ga shi nan!"

Mutumin ya taso da buhu rungume a ƙirji, ana dare masa hanya. Shugaban taro ya miƙe tsaye ya gyara babbar riga. Hajiya Munawwara ta fara share hawaye. Kowa ya ɗaga waya.

Mai gabatarwa ya ce, "Bawan Allah, ƙasa tana jin ka kai tsaye. Faɗa wa masu sauraro sunanka."

Ya karɓi abin magana. Ya gyara murya. Ya ce, "Assalamu alaikum, ni sunana..."

Ɗif! Janareta ya mutu.

Ya faɗi suna, sunan uba, na kaka, har da unguwa. Ko na kusa da shi bai ji ba. Yana rufe baki inji ya tashi.

Mai gabatarwa ya ce, "Madalla, mun gode, lokaci na tafiya. Buɗe mana."

Ya kwance buhu. Ya warware zani na fari. Ya warware na biyu. A na uku sai ga faifan Inna, baki duk ya cinye, ga tabon miya a gefe, ga huda a tsakiya.

Da farko ba wanda ya yi motsi. Sai wata mata a baya ta ce, "Laa, irin na kakata!" Fili ya kece da dariya.

Shugaban taro ya haɗe rai. "Malam, mene ne wannan?"

"Faifan Sada, ranka ya daɗe. Da shi aka rufa masa tuwo."

"Mu faifan waƙa muka ce!"

"Ai tana ciki. Na gwada shekaranjiya."

Ƙasimu ya leƙo, ya gane shi, ya dafe kai. "Wai dama wannan ne faifan da ka zo mini da maganarsa?"

"Shi ne. Kuma an yi masa allurar, kamar yadda ka ce."

Shugaba ya yi wa 'yan sintiri alama su fitar da shi. Sai ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan amshin ya ɗaga sanda. Ya ce, "Ku dakata. Mutum ya taso tun daga Fagam. Mu da muka zo hannu rabbana, da me muka fi shi? A ɗora masa, ransa ya huta."

Jama'a suka ɗauka, "A ɗora! A ɗora!"

Ƙasimu ya ce shi dai ba ruwansa in allurar mutane ta karye. Ya zura faifai ta hudar basilla, ya zauna daram kamar don shi aka yi. Ya wana hannu. Ya sauke allura. Mai gabatarwa ya kara abin magana a bakin garmaho.

Faifai ya fara juyawa, dusar shekara hamsin na tashi. Allura ta hau kan kaba. Lasifika ta ɗauka.

"Ƙurrrrr... fuuu. Ƙurrrrr... fuuu."

Mutane suka riƙe ciki. Mutumin kuwa ya rufe ido yana kaɗa kai, yana taka ƙafa.

Ba zato sai aka ji salati daga gaba. Hajiya Munawwara ce ta miƙe tsaye, ita da sai an kama ta take tashi. Ta nuna garmaho da yatsa.

"Wallahi shi ne! Minsharin Alhaji ne!"

Dariya ta ɗauke kamar an yanka.

Ta ce, "Shekara talatin da biyu ina jin wannan abu. Ku saurara, yanzu zai sarƙe."

Allura ta ci karo da ƙullin kaba. "Ƙurr... ƙat! Ƙat!"

Ta ce, "Kun ji ko!" Ta fashe da kuka.

Tsohon ɗan amshin ya cire hula. "Shi ne. Haka yake mana a mota tun daga nan har Azare." Ɗayan kuwa, da sabo ya yi masa yawa, sai ya shiga amsawa. Duk "ƙurrr" ɗaya, ya ce, "Haka ne, Alhaji!" Malamin jami'a ya zaro biro yana rubutu da sauri. Mata suka fara guɗa. Wani ya fito ya liƙa wa garmaho sabuwar hula.

Ana cikin haka bakin faifai ya fara warwarewa. Kaba ta saki, tana bin allura tana naɗewa. Mutumin ya buɗe ido ya gani. Ya ce, "Wayyo, Inna!" Ya kai hannu zai cire. Hajiya Munawwara ta buge hannun da mafici, ta ce ba mai taɓa mata miji.

Shugaban taro dai ya ƙule. Ya fizge abin magana, ya juyo kan mutumin.

"Kai Malam! Mun tara mutane daga Dutse, daga Kano, daga Bauci. Gidan rediyo na watsawa duniya na ji. Minti goma ke nan muna sauraron minshari! Mu waƙa muka zo ji. Ina waƙar?"

Mutumin ya dubi faifan Inna da ya koma rabi. Ya dubi shugaba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai nawa kawo shi ne, kuma na kawo. Tashinsa sai Hajiya, ita ta san yadda take yi."