Tiyar Ɗanbatta da Zuciyar Rakiya

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe tsaye gaban likita da ɗalibanta ina ba su darasi ba, ashe kaina nake yanke wa hukunci ban sani ba.

Ni ma'auni ne a kasuwar Ɗanbatta. Gero, dawa, wake, gyaɗa, na fi shekara ashirin ina durƙushe gaban tsibi da tiya a hannu. Boko a aji uku na sakandare na tsaya, amma a ƙauyenmu wannan ya isa a riƙa kawo mini takardar asibiti in karanta (wanda na gane in faɗa da ƙarfi, wanda ban gane ba in ce laifin rubutun likita ne). A hankali har ni kaina na yarda na san asibiti.

Bayan haihuwarta ta huɗu, matata Rakiya ta fara kumburin ƙafa. Ko tsakar gida ta share sai ta zauna tana haki. Aka tura mu babban asibiti a Kano, wurin wata likitar zuciya, 'yar siririya mai tabarau. Ta shafa mata wani mai a ƙirji, ta ɗora abin hoto irin wanda ake duba masu ciki da shi. Eko suke ce masa. Ta daɗe tana zagaye hoton zuciyar a jikin allo, ta zana in ta cika, ta sake zanawa in ta matse. Sannan ta juyo gare ni.

"Malam, zuciya in ta cika da jini ta matsa, ba duka take turawa ba. Ta mai lafiya takan tura fiye da rabi. Ta matarka talatin cikin ɗari take turawa."

Ta rubuta magani, ta ce a rage gishiri, ban da kunun kanwa, ban da sabon ciki. Ta ce mu dawo bayan wata shida ta sake aunawa, kuma kada a kuskura a tsayar da magani, domin zuciyar za ta iya komawa inda ta fito, ko ma ƙasa da nan.

Da aka cika wata biyar, Rakiya ta murmure. Kumburi ya saɓe, ta koma daka da kanta. A nan ne Alhaji Sule, wani dillalin gyaɗa abokina, ya ba ni labarin wani shagon hoton eko can wajen Ungogo, babu layi, babu jira. Na ce me zai sa in zauna jiran wata guda? Na ɗauke ta muka tafi. Mai shagon ya ɗora abin bai fi minti biyu ba. Bai zana komai ba. Ya ɗan kanne ido, ya karkata kai, ya ce, "Wannan ai ta kai hamsin da biyar." Ya rubuta, ya buga hatimi.

Jama'a, talatin ta koma hamsin da biyar! Tun a mota na fara sanar da fasinjoji. Ranar Juma'a na sa aka dama fura aka raba sadaka a ƙofar masallaci. Na tara mutanen gida na ce Rakiya ta warke, magani ya ƙare daga yau.

"Baban Nafisa, da mun bari mun koma wurin likitar tukuna," in ji ta.

"Ke, ni da ke wa ya iya karatu? Ga shi nan a rubuce, har da hatimi."

Ta ce, "To."

Don kada ta yi mini gardama daga baya, na kwashe sauran ƙwayoyin na ƙulle a leda, na cusa su can cikin buhun gero a ɗakin ajiya (buhun da take ɗiba kullum ta yi mana tuwo, ku dai ku riƙe wannan a ranku, ni a lokacin bai zo mini ba).

Da ranar komawa ta zo, na saka babbar riga. A nufina ba ganin likita za mu ba, sallama za mu yi mata. Muka tarar da ita da ɗalibai kusan takwas cikin fararen riguna. Ko zama ban gama yi ba na shimfiɗa takardar a kan teburinta, na goge ta da tafin hannu.

"Likita, mun zo godiya ne. An duba a wani wuri, zuciya ta cika awo."

Ta karanta. Ta sa Rakiya ta kwanta, ta sake yin zanenta na nan a hankali, ɗalibai sun kewaye allo. Can ta ce, "Talatin da takwas. Alhamdu lillahi, an samu ci gaba."

Na ce, "A'a, Likita, da sake. Hamsin da biyar fa aka ba mu. Yaya za a yi mu zo nan a rage mana?"

Wani ɗalibi ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta cire tabarau ta ce, "Malam, mece ce sana'arka?"

"Awo, a kasuwar Ɗanbatta."

"Madalla, ashe gwani muka samu. Taimaka wa yaran nan da wata tambaya. Mutum ya auna buhunsa a kasuwar Kunci ya samu tiya arba'in. Ya kawo Ɗanbatta aka auna, aka samu arba'in da uku. Hatsin ƙaruwa ya yi a hanya?"

Na yi dariya har da buga cinya. Na miƙe tsaye (Allah Ya yafe mini, har da naɗe hannun riga), na fuskanci ɗalibai.

"Ku saurara, 'yan boko. Hatsi ba ya haihuwa a mota. Tiya ce ta bambanta. Wata gindinta a lotse yake, wata bakinta ya buɗe. Wani ma'aunin ya tara hannu a gefe, wani ya share baki. In kana son sanin ko kayanka sun ƙaru ko sun ragu, tiyar da ka fara da ita, da hannun da ya fara, su za ka koma wa. Akwai ma 'yan ganin ido, su ɗaga buhu su jijjiga su ce arba'in ne. Wanda duk ya sayar da kayansa a kan maganar irin waɗannan, wallahi ba shi da..."

A nan na tsaya cak. Na tuna mai shago da kannen idonsa da karkata kansa. Na dubi takardata mai hatimi.

"Ba shi da me, Malam?" in ji likita.

Na ce, "Hankali, Likita." Na zauna.

Dariyar da ɗaliban nan suka danne har yau ina jin ta a ƙashina. Likita ba ta yi ba. Ta ce eko awo ne mai kyau, amma ya danganta da hannun mai yi da yadda ya kama hoton, kuma kintace da ido daban, zanawa a lissafa daban. Ta ce akwai wata babbar na'ura da ake tura mutum cikinta, MRI, ita ce kamar sikeli, ta fi kowanne daidaito, sai dai ba ko'ina ake samunta ba, kuma ba ta neman a yi sai in eko ya bar ta cikin shakka a kan babbar shawara. Don bin ci gaban Rakiya, wannan ta isa, in dai hanya ɗaya ake bi kowane zuwa.

Sannan ta yi tambayar da nake tsoro. "Tana shan magani dai ko?"

Na ce, "Likita, a nan ne babban laifina. Sati uku ke nan da na hana ta."

Fuskarta ta canza nan take. Ta fara cewa, "Ka san abin da ka..." sai Rakiya ta sa hannu cikin hijabi, ta fito da ledar nan tawa, da 'yan ƙwayoyin gero manne a jikinta. Ta zazzage a kan tebur. Duk fankon magani ne.

"Ban fasa ko sau ɗaya ba, Likita. Ya ce in daina, na ce to. Da safe na je ɗibar gero na tarar ya ajiye mini su."

Wannan karon har likita sai da ta kifa kai a tebur. Wata ɗaliba ta ce, "Hajiya, Allah Ya ƙara miki lafiya!" Ni dai ina zaune cikin babbar riga, ina lissafin mutanen da suka sha furata.

Muka hau mota, muka wuce gari. Can na ce, "Rakiya, ki yafe ni. Da kin bi maganata, da ban san inda muke ba yau."

"Ya wuce, Baban Nafisa. Amma furar ta yi daɗi."

Mun sake komawa bayan wata shida, ɗaki ɗaya, hannu ɗaya. Arba'in da biyar. Na yi hamdala a zuci, ban sanar da ko fasinja ɗaya ba. Yanzu in an kawo mini takardar asibiti, nakan ce a mayar wa wanda ya rubuta ta, ni tiya na sani, ita ma sai da aka tuna mini.

Maganin kuwa har yau a buhun gero yake zaune. Rakiya ta ce duk shawarwarin da na taɓa ba ta a kan ciwon nan, wannan kaɗai ce ta yi amfani.