Dogo a Layin Yara

"Lafiya lau, tsohuwa, gajiya ta bi lafiya. Amma ina ne nan kika kira ni?" in ji Dogo, yana sunkuyawa kada ya daki saman ƙofa.

Dogo direban bas ne. Wata uku ke nan da wata babbar mota ta goge shi a mararraba. Ko ƙwarzane bai yi ba, amma da zarar ya kama sitiyari sai hannunsa ya ɗauki rawa, gumi ya keto masa. Kamfani ya ba shi zuwa ƙarshen wata, ko ya koma bakin aiki ko a miƙa wa wani motarsa. Kakarsa kaɗai ya faɗa wa irin tsoron da yake ji, ita kuwa ta bugi ƙirji ta ce za ta nemo masa likitan damuwa, irin masu warkarwa da zantawa.

Ga shi yanzu a ɗakin jira, bango duk zanen giwa da jirgin ruwa, kujeru jajaye da koraye ko gwiwarsa ba su kai ba.

"Zauna, angona, mu ne na bakwai."

"A ina? Wannan ko tafin ƙafata ba za ta ɗauka ba."

"Laifin kujera ne? Kai ka yi ta tsawo ba ka shawarci kowa ba."

Ya zauna dai, gwiwoyinsa suka kusa taɓa kunnuwansa. Yaran da ke jikin iyayensu suka zuba masa ido.

"Tsakani da Allah, yaya kika zaɓi likitan nan?"

"Yadda nake zaɓen mahauci. Na zagaye asibitin kaf, ƙofar da ta fi layi nan na tsaya. Shekara sittin ban taɓa sayen nama mai wari ba."

"Ba ki duba tsawon 'yan layin ba?"

"Hankalinsu na duba. Sa'anninka ne."

"Ga shi a rubuce a ƙofa, ɓangaren yara!"

"Na bar tabarau a gida."

"Yana goshinki."

"Wannan na ado ne, saboda samari."

"Wane saurayi? Haƙoranki uku, biyu sun riga sun yi sallama."

"Su ukun suna zuwa aiki kullum, kai fa?"

Ya yi dariya, amma maganar ta sosa masa inda ke ciwo, sai ya sunkuyar da kai. Tsohuwa ta gani, ta ɗora hannu a kan gwiwarsa ba ta janye ba.

Ma'aikaciyar da ke kiran suna ta leƙo da kati a hannu. "Baba, ina yaron?"

"Ga shi nan," in ji tsohuwa, tana nuna Dogo. "Shekara talatin da huɗu, amma a ɗabi'a bai kai ba."

Da ma'aikaciyar ta gama dariya, Dogo ya daure ya faɗa mata abin da ke damunsa.

"Ai kowane likita da fanninsa," ta ce. "Wannan ta yara ce. Akwai na ma'aurata, akwai na masu shaye-shaye. Naka yana sama, ƙofar ƙarshe. Firgitar da ke biyo bayan haɗari ita ce aikinsa, direbobi da yawa sun bi ta hannunsa."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Dogo. Ashe ba shi kaɗai ba ne, ashe abin har ƙofarsa gare shi.

"Ko mu biya ta na ma'auratan in kai ƙararka?" in ji tsohuwa.

"Ki fara amsa laifinki tukuna."

Ta ƙyalƙyale da dariya har tabarau ya zamo kan hancinta. "Na amsa, ka kayar da ni yau." Ta zari alawa ɗaya daga kwalbar da ke kan tebur ta danƙa masa. "Ungo, tun da ba ka yi kuka ba. Amma ranar da ka koma kan sitiyari, kujerar gaba tawa ce."

"Ba kya jin tsoro?"

"Ni na goya ka kana ta zillo, ban yar da kai ba. Yanzu kai ma sai ka ɗauke ni."

Dogo ya jefa alawar a baki, ya miƙa mata hannu, suka nufi matakala.