Sai Farcen Mai Girma Ya Fito

Jiya na raka kawuna ofishin da ake buga lasisin tuƙi. Ni na dawo da ilimi, shi ya dawo hannu rabbana.

Kawu direba ne, ya daɗe a zaune. Kwanan nan wani kamfanin siminti ya ɗauke shi, amma aka ce ya kawo sabon lasisi ranar Litinin, in ba haka ba a ba wani makullin motar.

Muna zuwa aka ce na'ura ta ƙi. Kawu ya marairaice har Injiniyan wurin ya ji tausayinsa, ya kai mu bakin wani ɗaki mai sanyi, muka leƙa ta gilashi. Ga uwar kwamfutoci nan tsaye kamar an jera firji. Wai kaset ɗin da take ajiye sunayen mutane ya cika, ba za ta buga komai ba sai an ba ta sabo, ta rubuta masa lamba ta shirya shi. Injiniya ya shiga ya tura mata sabo. Ta haɗiye, ta yi gunaguni, ta tofo shi, ta kunna jar wuta.

"Aljanu ne, ɗana?" in ji Kawu.

"Ina ma su ne, Baba, da tuni an sallame su," in ji Injiniya.

Ya fito da kaset ɗin ya nuna mana wani ɗan maɓalli a gefensa, bai kai ƙwayar wake ba. In yana nan, ba a iya rubuta komai a kaset. In an ture shi da farce, shi ke nan.

Ashe kwanakin baya kujerun ofis sun yi ƙafa, sai Mai Girma Shugaban hukumar, Allah ya ƙara masa basira, ya ba da umarni a kulle duk kayan hukuma. Mai kula da sito mutum ne mai biyayya. Ya kulle ƙofa, ya kulle taga, ya zauna ya bi kaset ɗaya bayan ɗaya ya kulle.

Kawu ya miƙa hannu. "Kawo nan. Farcen nan nawa har kwalba yana buɗewa."

Injiniya ya ɓoye kaset a bayansa. "Baba, ka rufa mini asiri, ina da iyali. Abin da Mai Girma ya kulle, Mai Girma ne zai buɗe."

Muka ci sa'a, da la'asar za a yi bikin buɗe kaset ɗin. Aka kafa rumfa, aka hayo kujeru, masu hoto suka yi layi. Mai Girma ya yi jawabi a kan ci gaban zamani har Kawu ya yi gyangyaɗi. Sannan aka kawo kaset a kan tire.

Ya karɓa, ya yi wa masu hoto murmushi, ya sa yatsa. Shiru. Ya sake sa wani. Ashe da safen nan aka yanke masa farce, aka goge sumul saboda hoto. Ya bi yatsunsa har ƙaramin, maɓalli ko gezau. Wani ya kawo shawarar murfin biro, aka harare shi, don ba a naɗa biro shugaba ba. Aka yi tafi dai, tunda an riga an taru, aka ɗage sai farce ya fito.

Kawu ya tare mai riƙe wa Mai Girma jaka. "Ranka ya daɗe, nasa yana saurin fitowa kuwa?"

"Farcen manya ba ya gaggawa, tsoho."

Yau da sassafe Kawu ya je kamfani neman a ɗaga masa ƙafa. Manaja ya tambaye shi me ake jira. Kawu ba ya ƙarya, ya ce farce. Manaja ya dube shi ya daɗe, ya kira direban da ke bayan Kawu ya miƙa masa makulli.

Ni dai ba na zagin manya, ba a koya mini ba. Roƙo kawai nake yi. Duk wanda ya san mai yanke wa Mai Girma farce, don Allah ya lallashe shi ya tafi hutu, akwai sauran direbobi a layi.